Malam Haladu Da Allon Ranar Laraba

Labarin ya same ni da safen nan ina tsaye a filin asembli, yara suna tsakiyar taken ƙasa. Waya ta yi ta motsi a jakata, na share. Ta sake, na sake sharewa. Da aka sallami yara na zaga bayan aji na duba, sai na ga Rabi ce, 'yar Malam Haladu.

"Anti Godiya, Baba ya rasu."

Abin da ta iya faɗa ke nan, sai kuka.

Malam Haladu ya rasu. Da hannuna nake rubutawa, amma har yanzu maganar ba ta zauna mini ba.

Wai ya yi sallar asuba a zaune, kamar yadda ya saba tun da ƙafa ta fara ba shi matsala. Ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, a ɗora masa ruwan ɗumi. Kafin ruwan ya yi zafi, shi ke nan.

Na roƙi izini a ofis, na tari keke daga Unguwar Boro zuwa Makera. Cunkoso ya riƙe mu a Sabo. Kafin in isa har sun yi masa salla sun ɗauke shi. Tabarmi kawai na tarar a ƙofar gida, da butoci, da ƙasa a jiƙe. Na shiga ciki wajen mata. Hajiya matarsa ta kama hannuna ta ce, "Godiya, babanki ya tafi." Na kasa ce mata ya haƙuri. Ita ce ma ta koma tana ba ni haƙuri.

Yanzu na dawo gida, na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya. Shi ya sa na ce bari in faɗa muku ko wane ne wannan mutumin. Da yawanku kun san ni a malamar tarihi. Ba ku san inda na samo shi ba.

Ni 'yar Gbagyi ce, mu ne Hausawa ke ce wa Gwari. Daga wani ƙauye a Chikun aka kawo ni Narayi wajen ƙanwar mamata don in yi sakandare. Na zo da Turancin firamaren ƙauye, da Hausar kasuwa wadda ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba. Sai in ce "yarinya ya zo", in ce "babana ta tafi gona".

Malam Haladu shi ke koyar da tarihi a makarantar gwamnatin da aka sa ni. Bahaushe ne, mutumin wajen Katsina, dogo siriri. Kullum akwai farin alli a gefen hularsa, don da hannun da yake rubutu yake gyara ta. A aji silabus yake bi, tarihin Nijeriya da na Afirka ta Yamma. Amma duk Laraba in an tashi, yana jingina ƙaramin allo a jikin mangwaron bayan laburare, duk mai so ya zo. Kulob ɗin Tarihi muke ce masa. A nan yake kai mu Masar, da Girka, da Rum, da Sin, da Bagadaza. Babu jarrabawa, babu maki. Kalma ɗaya yake rubutawa a allon, ya ce, "Yau wannan za mu fasa, mu ga abin da ke cikinta."

Ni dai ba son tarihi ya fara kai ni ba. In na koma gida da wuri wanke-wanke ke jirana.

Wata Laraba ya tambaya me ya sa manyan garuruwan farko na duniya a bakin kogi suka tashi. Wannan kam na sani, a bakin rafi na girma. Na ɗaga hannu, karona na farko a makarantar. Na fara bayani da Hausata, cewa kogi in ta cika ya koma, tana barin ƙasa mai kyau. Ban kai ƙarshe ba wani yaro daga baya ya ce, "Kai, a fassara mana, mu ba ma jin gwaranci."

Aka fashe da dariya. Kuma ba Hausawa kaɗai ba, har da 'yan'uwana Kirista da aka haifa a birni, waɗanda Hausarsu ta goge.

Na zauna. Malam bai tsawata wa yaron ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ya dai ƙarasa amsar, ya ce abin da Godiya ta faɗa shi ne daidai, aka tashi.

Da na isa gida na ce wa antina a mai da ni ƙauye, gona ta fi mini. Da gaske nake yi, har na ɗaure kayana. Ta ce in bari a gama zangon tukuna.

Laraba ta gaba ina hanyar get zan sulale, na ji muryarsa. "Godiya, zo ki ɗaukar mini allon nan." Ba yadda na iya.

Ya rubuta barbarian.

Ya tambayi ma'anarta. Aka ce ɗan daji, aka ce mara wayewa, wani ya ce mai cin ɗanyen nama. Ya ce to, haka ake amfani da ita yanzu, amma ku ji inda ta fito. Girkawan dā, duk wanda ba ya jin yarensu, in ya yi magana a kunnensu kamar yana cewa bar-bar-bar ne. Daga nan suka laƙaba masa sunan. Ya ce har mutanen Masar haka Girkawan suke kiransu, mutanen da suka gina dalar nan da take tsaye har yau tun Girkawa ba su fara rubutu ba.

Sai ya ce, "Mu ma Hausawa muna da tamu. Wa zai faɗa mini?"



"Baubawa," in ji shi. "Ku saurare ta da kyau. Bau-bau. Bar-bar. Mu da Girkawa ba mu taɓa zama tare ba, amma kunnenmu iri ɗaya. Akwai kuma wata da na ji a nan wurin makon jiya."

Kowa ya sunkuyar da kai.

Ya juyo wajena. "Godiya, faɗa mini da yarenku: ruwa ya cika kogi." Na faɗa. Ya maimaita. Abin da ya fito daga bakinsa ba yaren kowa ba ne. Na gyara masa. Ya sake, ya ƙara ɓatawa. Dariya ta kuɓuce mini, sauran ma suka kwashe.

Ya bari muka gama, sannan ya ce, "To kun gani, yau ni ne baubawa. Wannan kalmar ba ta gaya maka komai a kan mai magana. Iyakar kunnen mai sauraro take nuna maka."

Na koma gida na kwance kayana.

Haka Malam yake. Ba ya ɗaga murya, ba ya riƙe bulala, amma in ya gama da kai ba ka mantawa.

Shi ya fara lura ba daga allo nake kwafa ba, daga littafin maƙwabciyata nake kwafa. Ran Asabar sai ga shi a rumfar antina a kasuwar Narayi, ya ce mata a kai yarinyar nan a duba idonta. Gilashin da kuke gani a duk hotunana, daga nan ya samo asali.

Duk wanda ya zauna ƙarƙashin mangwaron nan zai tuna ranar BC. Mun kasa gane yadda shekara ta ɗari biyar za ta riga ta ɗari uku zuwa. Sai ya ja layi a ƙasa da kara, ya tsaya a kai, ya ce nan ne haihuwar Almasihu, Annabi Isa a wajenmu. Ya fara tafiya da baya yana ƙirga, yana nisa lamba na ƙaruwa. Bai ga bokitin masu shara ba. Sai ga Malam zaune daɓas a ƙasa, hula a gefe. Daga inda yake ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku lura, a nan ko Rum ba ta kafu ba tukuna."

Ranar civilization kuwa, muka ce wayewa ita ce wando da lantarki da mota. Ya ce a'a, ku fara da rumbu. Ranar da manomi ya noma abin da ya fi cikinsa, ranar ce wani ya sami sukunin zama maƙeri, wani magini, wani marubuci. "Wani kuma mai karɓar haraji," in ji shi, "don shi ma ba ya makara."

Ranar democracy ya zo da rake, ya ce za a yi zaɓe irin na mutanen Atina a kan yadda za a raba. Kafin a ɗaga hannu ya ce mata su koma gefe, ba su da ƙuri'a. Ya ce duk wanda ba a Kaduna aka haifi ubansa ba shi ma ya koma gefe. Saura wasu 'yan tsiraru a tsakiya suna washe baki. Ƙawata Zigwai, 'yar wajen Zonkwa, wadda duk makarantar an san ta da baki, ta miƙe ta ce, "Malam, wannan ai cuta ce, ba mulkin jama'a ba!" Ya ce, "Madalla. To ki tambaya kullum, in an ce jama'a, su wa aka ƙirga?" Ya ba ta raken ta raba.

Akwai wanda ya fi zauna mini.

Ya rubuta empire, ya ce daula ke nan. Ƙasa ɗaya ta yi ƙarfi, ta haɗa ƙabilu da yawa a ƙarƙashinta, su riƙa kai mata gaisuwar dole, hatsi ko dabbobi ko mutane. Ya ce littattafan tarihi yawanci daga fada ake rubuto su, saboda haka in mun je hutu kowa ya zauna da tsohon gidansu ya yi tambaya. Bakin tsoho ma tushe ne na tarihi.

Na tambayi kakata me ya sa tsohon garinmu yake can kan dutse, alhali ruwa da gona suna ƙasa. Ta ce saboda mahara. Ta ba ni labarin da tata kakar ta ba ta, yadda ake zuwa bisa dawakai lokacin girbi a kwashi mutane, da yadda aka tafi da wata ƙanwar kakar tata da ta je ɗiban ruwa, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Na ce su waye? Ta ce, "Hausawa mana."

Na dawo ina tsoro. Ta yaya zan tsaya a gaban Malam in faɗi haka? Na same shi shi kaɗai a ɗakin malamai, na ce ban samo komai ba. Ya dube ni ya ce, "Ko dai kin samo wanda kike ganin ba zai yi mini daɗi ba?"

Na faɗa masa duka.

Sannan ya ce, "Laraba ke za ki tsaya gaban allo. Kada ki rage komai. Mai yiwuwa a cikin masu dawakan nan akwai kakana. In na hana ki faɗa, na tashi daga malamin tarihi na koma mai kirari."

Na tsaya na faɗa. Ranar na fara jin cewa abin da ya faru da mutanena shi ma tarihi ne, daidai da na Rum.

Muna aji biyar gari ya rikice. Ba sai na yi muku bayani ba, duk ɗan Kaduna da ya kai shekaruna ya san irin kwanakin nan. Aka rufe makarantu. Da ƙura ta lafa, kowa ya kwashi kayansa ya koma inda nasa suka fi yawa. Malam a Narayi yake haya a da, ba nisa da gidan antina. Dole ya kwashe iyalinsa zuwa Makera. Littattafansa ba su bi shi ba, ɗakin da suke ciki ya ƙone.

Da aka koma makaranta, kujeru da yawa ba kowa. 'Yan ajinmu Musulmi kusan duk an canja musu makaranta. Malamai Musulmi sun nemi a mai da su wani wuri, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Muka ɗauka shi ma ya tafi.

Ran Litinin sai ga shi ya sauko daga bas, da jakarsa, da hularsa.

Ran Laraba ya jingina allo a jikin mangwaro kamar ba abin da ya faru. Mu kaɗan muka je. Zigwai tana ciki. Babanta ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya fita aiki ranar da abin ya fara, bai dawo ba. Gawarsa aka samo. Tun da aka dawo makaranta, yarinyar nan mai baki ba ta ce wa kowa uffan ba.

Malam ya ɗaga alli zai yi rubutu, sai ta miƙe.

"Malam, yau ni zan ba da kalma."

Ya miƙa mata allin. Ta rubuta jihad da manyan baƙaƙe, tana dannawa har allin ya karye. Ta juyo tana kallonsa.

"Fasa mana wannan."

Bayan katangar makaranta akwai samari da ke zama a mararrabar titi, tun Litinin suke bin Malam da ido. In murya ta tashi a wurin nan, ban san inda abin zai tsaya ba.

Bai kalli allon ba. Ya ce, "Zigwai, babanki ba shi ne mai zuwa taron iyaye a kan keke ba, yana zama a layin gaba?"

Ta gyaɗa kai.

"Na san shi. Allah ya ba ki haƙuri, 'yata. Wanda ya kashe shi kisan kai ya yi. Ba ni da wani sunan da zan ba abin."

Sannan ya fasa kalmar. Ya ce asalinta a Larabci ƙoƙari ne, har da faman da mutum ke yi da zuciyarsa. Ya ce kuma gaskiya ne an yi yaƙe-yaƙe da sunanta, har a ƙasar nan, ba zai ɓoye mana ba. Ya tsinci guntun allin a ƙasa ya rubuta crusade a gefenta. Ya ce wannan daga kalmar gicciye ta fito, lokacin da Kiristocin Turai suka ɗinka gicciye a riga suka tafi ƙwato Urushalima. Ya ce bai rubuta ta don a yi kunnen doki ba, abu ɗaya yake so mu gani. Wata rundunar masu gicciyen ko Urushalima ba ta isa ba, ta tsaya ta wawashe babban birnin Kiristoci 'yan'uwanta, wanda yau ake ce wa Istanbul. Haka sojojin Maroko, Musulmi, suka keto hamada suka rusa daular Songhai ta Musulmi, suka tafi da malaman Tambutu a ɗaure.

"In kuka ga an ɗaga babbar kalma a kan tuta," in ji shi, "ku duba ƙasa ku ga wa ya mutu, wa kuma ya tafi da kaya."

Zigwai ta ce, "Wannan ba zai dawo mini da babana ba."

"Ba zai dawo da shi ba," in ji Malam.

Ta durƙusa ta fashe da kuka, irin wanda ko ranar jana'izar ba ta yi ba. Muka riƙe ta. Malam yana tsaye, hawaye na bin gemunsa, bai goge ba.

Da aka tashi ya ɗauki jakarsa ya nufi titi. Samarin nan suna kan bencinsu, ɗaya ya miƙe tsaye. Sai na ga Zigwai ta share fuska, ta yi sauri ta jera da Malam. Ta ce mini, "Godiya, taho." Mu 'yan mata muka sa shi a tsakiya. Duk unguwar an san abin da ya sami babanta. Da muka zo daidai bencin ta tsaya, ta kalli wanda ya miƙen ido cikin ido, ta ce masa da Turancin buroka, "Na my teacher be dis."

Ya koma ya zauna.

Haka muka riƙa raka shi bakin bas har muka gama makaranta. Kullum sai ya ce, "Ku koma gida, ana jiranku." Ba mu taɓa ji ba.

Zigwai nas ce yanzu. Yau na tarar ta riga ni isa gidan rasuwar, da yunifom ɗinta, tana zaune kusa da Hajiya tana miƙa wa masu gaisuwa ruwa. Muka kalli juna.

Da na ce tarihi zan karanta a jami'a, an yi rigima a gidanmu. Babana ya ce labarin matattu ba ya ciyar da mai rai. Na je wajen Malam ina jiran ya goya mini baya. Sai ya ce, "Babanki yana da gaskiyarsa, ga ni nan kin gani. Abin da zan iya gaya miki kawai, ban taɓa tashi da safe na ji ba na son zuwa aiki ba. Sauran ke da babanki ne, ki bi shi a hankali." Na bi shi a hankali, har ya yarda.

An yi shekarun da tarihi ya zama darasin da ba mai ɗauka, aka ba Malam wani darasin daban ya riƙa koyarwa. Ya karɓa bai yi gardama ba. Amma allon Laraba bai fasa jingina shi ba har ya yi ritaya.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne.

Ciwon suga ya cinye masa ido, sai dai inuwa-inuwa yake gani. Na same shi a baranda da rediyonsa. Ina yin sallama ya ce, "A'a, Malama Godiya!" Tun da na fara koyarwa haka yake kirana, ni kuwa na koma ce masa Baba. Na ajiye doyar da na kawo masa daga ƙauye. Ya shafa ya ce, "Wannan a kafaɗa kika ɗauko ta, ko kin zama 'yar birni?" Na ce, "Baba, keke ya ɗauko." Ya ce ai shi ke nan, al'ada ta mutu.

Na ce masa na zo da tambaya. Wata ɗalibata ce ta ɗaure ni. Ina koya musu Middle Ages, zamanin tsakiya, ta ce tsakiyar me? Na ba ta amsar littafi, cewa tsakanin faɗuwar Rum ne da lokacin da ilimi ya farfaɗo a Turai. Sai ta ce, "To Anti, mu a nan fa, muna tsakiyar me a lokacin?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wannan yarinyar ku riƙe ta da kyau."

Ya ce sunan na Turawa ne, su suka yanka zamaninsu gida uku, kuma daga baya suka yanka. A lokacin da suke cewa duhu ne a wajensu, Bagadaza na fassara littattafai, Mali na auna zinariya, Kano na gina ganuwa.

"Ki kuma gaya mata," in ji shi, "duk waɗanda suka rayu a cikinsa ba wanda ya san a tsakiya yake. Matar da ke niƙa a wani ƙauye can ba ta taɓa cewa yau ina zamanin tsakiya ba. Ita dai yau ce a wajenta, ga yaro ba lafiya, ga hadarin da take jira. Waɗanda suka zo daga baya su ke raba suna."

Na ce, "To Baba, namu fa, me za a kira shi?"

"Wannan ba mu za mu sani ba. Mu dai mu bar musu abin da za su karanta ba su ji kunyarmu ba."

Na ce ai gara ya zo da kansa ya faɗa wa yaran. Cikin wasa-wasa na faɗa. Sai na ga ya gyara zama, ya kashe rediyon.

"Da gaske kike? Za su saurari tsoho makaho?"

Na ce za su saurara. Ya ce rabonsa da tsayawa gaban allo tun ritaya. Ya ce in za mu tafi, a ce wa mai keke ya bi ta Narayi, ko bai gani ba ya ji hayaniyar kasuwar, ya daɗe bai ji ta ba. Muka tsayar da Laraba mai zuwan nan, bayan yara sun gama gwaji.

"Ki samo mini alli na gaske," in ji shi. "Ban iya rubutu da wannan maka ɗin naku na farin allo ba."

Da zan tafi ya rako ni har ƙofa yana dafa bango. Ya ce in gai da mai gidan da yara, Allah ya yi mini albarka. Mai keke yana ta hon, na amsa ina tafiya, ko juyowa sosai ban yi ba.

Ɗazu, da mutane suka ɗan ragu, Rabi ta ja ni ɗakinsa. Ta nuna mini farin kaftani a rataye, an wanke an goge, da hula a kai. Tun makon jiya ya sa aka kai wa mai guga. Ta ce kullum bayan la'asar sai ya sa ta zauna a gabansa kamar ɗaliba, yana gwada abin da zai faɗa wa yarana, yana tambayarta ko ya yi tsawo, ko yaran yanzu za su gane.

A nan na yi kukan da na kasa yi tun safe.

Kwalin allin yana cikin jakata. Yarana sun zana taswirar duniya a kwali sun manna a bango. Yarinyar nan mai tambaya ita aka zaɓa ta yi masa maraba, ta haddace jawabinta da Hausa don ta ji na ce tsoho ne. Gobe da safe zan tsaya a gabansu in gaya musu baƙonmu ba zai zo ba.

Na roƙi Rabi ta zo ranar, ta faɗa musu abin da ta ji daga bakinsa, tunda ita kaɗai ta ji. Ta ce in ta iya tsayuwa za ta zo.

Allah ya jiƙan Malam Haladu. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Alherin da ya yi wa 'ya'yan mutane, waɗanda ba yarensa ba, ba addininsa ba, Allah ya sa ya tarar da shi a can. Allah ya ba Hajiya da Rabi da 'yan'uwanta haƙurin wannan rashi.

'Yan'uwana Musulmi, don Allah ku sa shi a addu'a bayan salla. 'Yan'uwana Kirista, ku tuna da iyalinsa a addu'arku ta safe da ran Lahadi. 'Yan kulob, duk inda kuke, kada ku tsaya a rubuta ta'aziyya a ƙarƙashin wannan rubutun. Wanda ke gari ya shiga keke ya je Makera ya gai da Hajiya, ta ga fuskokinmu.

Ni ma ku yi mini addu'a. Gobe akwai yara da za su dube ni, ban san yadda zan fara ba.